Jan Yaya Ba Ya Zuba

Litinin, 2 ga wata, da hantsi

Injiniya ya zo jiya da motarsa da turarensa, ya zauna a kan kujerar da nake tara ƙyallaye ko ɗaga su bai yi ba, ya ce ƙarshen watan nan zai zo ya ɗauki uwarsa ta koma gidansa da zama. Ba shawara ya kawo ba, sanarwa ce. Ɗan Yaya ne, amma ni na goya shi, bayan nan nawa ya sha fitsarinsa har ya gode Allah. Shi ne yau yake kallona ta saman tabarau yana cewa, "Inna, ki duba al'amarin nan da hankali." Ni zai koya wa hankali.

Wai me Yaya ta yi? Ta bar tukunyar rini a kan wuta ta shiga ɗaki ta kwanta, ruwan ya ƙone, hayaƙi ya cika tsakar gida, maƙwabta suka buga masa waya. Shi ke nan laifin. Wace mace ce ba ta taɓa ƙona tukunya ba? Matarsa ko ruwan zafi ta ɗora sai ya kama.

Na ce masa tun ba a haife shi ba muke aikin nan mu biyu. Ita ta rina yadi, ni in buga masa zane da katako, in yayyanka, in harhaɗa, in ɗinke ya zama bargo. Ba bargon rufa ba, na bango, wanda ake ratayewa a tsaya a kalla. A cikin ƙyallayen nan ya yi rarrafe. In ya ɗauke ta daga bakin bahon rini ya kai ta bene ya ajiye gaban talabijin, ya binne ta da ranta ke nan, sai dai bai sani ba.

Na jawo jan yadin da ta rina makon jiya na shimfiɗa masa a cinya. Na ce, "Duba nan. Mai ruɗaɗɗen kai ne zai fitar da wannan?" Ja ne mai zurfi, kamar tsakiyar garwashi. Ya taɓa shi da yatsu biyu ya ce, "Ya yi kyau, Inna." Ya karkaɗe wandonsa ya tafi.

Yaya lafiyarta ƙalau.

Talata, 3 ga wata, bayan la'asar

Na san abin da zan yi masa. Matar da ke da gidan baje kolin kayan fasaha, wadda muke kira Ƙwas-ƙwas saboda takalminta yana riga ta sallama, ta ba mu babban bangon da ke kallon ƙofa. Asabar ta ƙarshen wata za a buɗe. To, jan nan zan sa a tsakiyar bargon, sunan Yaya a sama nawa a ƙasa, in ja Injiniya da hannu in tsayar da shi a gabansa cikin mutane. In ya isa ya faɗa a nan cewa wadda ta yi wannan ba ta san abin da take yi ba.

Ga tsarin bargon: fili fari, in buga masa ƙananan tsuntsaye toka-toka suna tashi sama. Jan kuma ya ratso daga sama har ƙasa, siri-siri, ya rabu ya haɗu kamar hanyar ruwa bayan an ɗauke ruwan sama. Yau na yanka shi.

Duk yadin da ya shigo ɗakin nan daga hannun wani sai na gwada shi kafin almakashi ya taɓa shi: in jiƙa farin ƙyalle, in ɗora, in danna da dutsen guga, in ga ko zai zuba. Na Yaya ban taɓa gwadawa ba. Sau ɗaya ta kama ni ina shirin yi, ina yarinya, ta ce, "Auta, in kin gama gwada yadina sai ki gwada ko ni 'yar babanmu ce." Tun ranar ban ƙara ba. Jan Yaya ba ya zuba, kowa ya sani.

Alhamis, 5 ga wata, da safe

Ta tambaye ni ina Baba ya tafi da sassafe haka. Mutumin da muka binne tun Injiniya yana firamare. Na ce kasuwa.

Asabar, 7 ga wata, da yamma

Yau kam Yaya ce sak. Ina buga tsuntsaye a kan tebur, ta zo ta tsaya a kaina ta goya hannayenta a baya, hannayen nan da kala ta shiga har ƙarƙashin farce ta ƙi fita. Ta ce, "Tsuntsun nan naki ciki ne da shi, ko tawada kika cika?" Na duba, wallahi gaskiyarta, tawada na cika, cikinsa ya kumbura. Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Ina ma Injiniya yana nan. Amma shi ba ya zuwa sai ranar da tukunya ta ƙone.

Can ta ce, "Wa za a yi wa bargon nan?" Na faɗa mata. Na buga layi ɗaya ta sake tambaya. Na faɗa mata. Na buga wani ta sake. Sai na ce, "Na aljanu ne, Yaya, su suka aiko," da ƙarfi, har katakon ya goce ya yi min tsuntsu mai kai biyu. Ta juya ta fita.

Na yanke mai kai biyun na jefar. Gajiya ce take damunta, ba komai ba. Mutum ya shekara da shekaru yana shaƙar tururin rini, dole wata rana kansa ya yi nauyi.

Litinin, 9 ga wata, bayan azahar

Injiniya ya turo direba a kai mu wurin likita, ko gaya min bai yi ba sai da mota ta tsaya a ƙofar gida. Likitan ya tambaye ta yau wace rana ce. Ni kaina sai da na yi tunani. Ya faɗa mata wasu kalmomi ya ce ta riƙe, ya ɗauke mata hankali da hira, sannan ya ce ta maimaita. Ya ba ta takarda wai ta zana agogo. Matar da take haɗa kala da ido, ba awo, ta fitar da launin da babu shi a kowane kanti, ita ake yi wa jarrabawar 'yan firamare. Ta riƙe biron tana kallona, irin kallon da take min in baƙo ya daɗe bai tafi ba.

Likitan ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce a nisanta ta da wuta da kayan rini. Na ce, "Likita, ka ce a nisanta kifi da ruwa mana, ka huta." Ya yi murmushin nan nasu na masu haƙuri da tsofaffi. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

A mota ta ce, "Shi bai iya zana agogon ba ne ya sa ni?" Direba ma sai da ya dara.

Laraba, 11 ga wata, da la'asar

Na gama haɗa fuskar bargon. Na share ɗakin, na shimfiɗa bayan a ƙasa, auduga a tsakiya, fuska a sama, na bi da fil ina rarrafe har gwiwoyina suka yi tsami. Sannan na zana layukan da ɗinkin hannu zai bi, da alƙalamin nan shuɗi wanda ba ya fita sai da ruwa. Layi kusa da layi, ko'ina a kan farin, kamar iska tana kaɗa tsuntsayen. In an gama ɗinki a tsoma bargon a ruwan sanyi, shuɗin ya tafi, ɗinkin ya zauna. Haka muke yi kullum.

Na tsaya a bakin ƙofa na kalle shi. Ban taɓa yin abu mai kyau irinsa ba, kuma ba yabon kai ba ne, jan ne.

Matar Injiniya ta bugo wai ta gyara wa Mama ɗaki, wane launi take so a labule. Na ce ta tambayi mai kanti. Mariniya za a rataya wa labulen kanti, har a ce ta zaɓa. Mtsw.

Juma'a, 13 ga wata, da hantsi

Babban yatsana ya yi ja. Na duba, ba allura ba ce, babu ciwo. Zufa ce kawai, da yadin da nake riƙe.

Asabar, 14 ga wata, da rana tsaka

Na rufe ƙofa kamar ɓarauniya. Na ɗauko guntun jan da ya rage na jefa a kofin gilashi na zuba ruwa. Kafin in ajiye butar ruwan ya zama ja. Na zubar na sake. Ja. Na sake.

Yaya ba ta sa soda ba. Soda ce take kama kala ta ɗaure ta a jikin zare. In babu ita kalar zaune kawai take a sama, kamar baƙon da bai cire takalmi ba, ruwa na taɓa ta ta miƙe. Ba ta sa soda ba, ba ta kuma ɗauraye ba, ta shanya shi haka nan. Shi ya sa ya yi zurfin nan. Abin da na shimfiɗa wa Injiniya a cinya ina cika baki ke nan.

Ga ja a tsakiyar fari, ɗinki a kan ɗinki. Ga shuɗin alƙalami ko'ina, wanda ba ya fita sai da ruwa. In na wanke, jan ya malale cikin farin. In na bari, shuɗin yana nan kamar littafin ɗan makaranta. Gaba kura baya sayaki.

Haushin wa zan ji? Ina jin haushin jan, ina jin haushin mai kantin da ya sayar min da alƙalamin, ina jin haushin dutsen guga da yake zaune a gefena ranar da na yanka bai ce min uffan ba. Ina jin haushinta. Na faɗa. Ina jin haushinta, tana can tsakar gida tana 'yar waƙa tana jera bokitai daga babba zuwa ƙarami.

Ba wanda zai sani.

Litinin, 16 ga wata, da yamma

Na gwada abin goge fensir. Na gwada busasshen burushin haƙori. Na naɗe auduga a tsinke na ɗan jiƙa, ina bin layin kamar mai sa kwalli. Nesa da jan yana fita. Kusa da shi kuwa danshin ya bi zare a hankali, ina kallo, ya taɓa bakin jan, sai ga tabo ya buɗe a kan farin kamar an ɗiga jini. Na yanko tsuntsu na ɗinke a kai. Yau ni ce mai ɓoye ɓarna da faci, ni da nake zagin masu yi.

In na ce zan cire jan, sai na farke bargon gaba ɗaya, kuma ko na farke ba ni da wani. Ni ban iya ja ba. Shuɗi nakan taɓa, rawaya ma haka, amma jana kullum fitowa yake kamar tumatirin da ya kwana. Ban taɓa damuwa in koya ba. Don me zan koya, ga Yaya?

Talata, 17 ga wata, da safe

Na yi mata tsawa a kan murfin bokiti. Murfin bokiti. Ta ce, "Yi haƙuri, Auta." Yaya ba ta taɓa ba ni haƙuri ba tunda nake, ko ranar da ta fasa min goshi da ludayi. Gara ta zage ni.

Alhamis, 19 ga wata, bayan la'asar

Ƙwas-ƙwas ta zo duba aiki. Ta tsaya gaban bargon ta dafe ƙirji. Sannan ta ce, "Wannan jan fa? A ina kuke samun irinsa?" Yaya tana zaune a gefe ta ce, "A ina kuwa, a hannu." Ta ɗaga hannayenta ta nuna mata. Sai da na juya baya na yi kamar ina neman zare.

Ta nuna shuɗin ta ce, "Wannan ai zai fita in kin wanke ko?" Na ce zai fita. Ta miƙa hannu za ta shafa jan, ga zufa a tafinta, na buge hannun kamar na ƙaramin yaro. Na ce ba a taɓawa. Ta yi dariya wai masu fasaha akwai tsirfa.

Bayan ta tafi na yi tunani. In ce mata shuɗin yana cikin zanen, da gangan na bar shi. Za ta yarda, irinsu ko tabon shayi ka ce fasaha ce sai su gyaɗa kai. A rataye shi a bushe, Injiniya ya gani, ya ji kunya, ya bar min 'yar'uwata. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, sai a ƙi wankan, a ga ƙarshen karin magana.

Haka zan yi. Yaya lafiyarta ƙalau, mantuwa ce ta rana ɗaya.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi



Yaya ce take haɗa mana shayin safe, tun da can. Sukarin ƙaramin gwangwani ya ƙare, ta sauko da babban daga saman kabad ta zuba mana. Ni na fara kurɓa. Ɗaci, da santsi kamar sabulu, harshena ya ɗau zafi. Na tofar. Na ɗago kai, kofinta yana bakinta. Ban san lokacin da na kai masa duka ba, kofin ya tashi ya fashe a jikin bango, shayin ya zuba mata a zane.

Ta dube ni, ta ɗaga hannu ta kare fuskarta. Yaya. Ni take kare wa fuska.

Na juye babban gwangwanin a faranti. Ga sodar da ba ta shiga jan ba, kwance a saman sukari, fari a kan fari. Ko sukari ta zuba wa rinin ranar, Allah masani. Da ina ɗakin ɗinki fa? Da na tsaya zura zare a allura kafin in sha nawa? Ba ta gane ɗaci yanzu, rannan ƙwayar magani ta tauna kamar alewa. Da shanyewa za ta yi tas.

Na kwashe soda da kala da ashana na kulle a akwatina, makullin yana wuyana. Ta biyo ni ɗaki tana cewa, "Me na yi miki?" Na ce ba komai, ƙuda ne ya faɗa kofin. Ta ce, "Don ƙuda kika fasa kofin Umma?" Na mahaifiyarmu ne. Wannan kam ba ta manta ba.

Lahadi, 22 ga wata, da safe

Ni na kira Injiniya. Ba wanda ya sa ni. Na ce kada ya jira ƙarshen wata.

Litinin, 23 ga wata, da yamma

Ya zo shi kaɗai. Na faɗa masa na shayin. Na jan ban faɗa ba, wannan ba huruminsa ba ne. Na shirya tsaf, jira nake ya ce "ai na gaya miki" in sauke masa duk abin da ke cikina. Bai ce ba. Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa, ƙaton mutum. Ya ce, "Inna, ke ma ki taho mana, ɗakin babba ne." Na ce in bar wa wa keken ɗinkin da teburin da bahunan? Ya ce, "To, duk ranar da kike so direba zai zo ya ɗauke ki." Ko abin faɗa ya hana ni samu, ɗan banza. Haka yake tun yana yaro, ka ɗauko bulala ya rungume maka ƙafa.

Alhamis da safe zai zo.

Talata, 24 ga wata, da rana

Ta wuni tana neman kalarta, wai ɓarawo ya shigo mana. Na taya ta nema, makullin yana karo da ƙirjina.

Laraba, 25 ga wata, bayan la'asar

Na haɗa mata kaya. Duk zanen da na ɗauko akwai ɗigon kala a jikinsa. Ko matar Injiniya za ta wanke har hannunta ya saɓule, ba za su fita ba, don waɗannan da soda aka yi su. Tana zaune a bakin gado tana kallona ta ce, "Tafiya za ki yi?" Na ce ke za ki je ki ga jikokinki. Ta ce, "To, kada in daɗe, akwai rini." Na ce eh.

Na gama ɗinkin hannun, na naɗe bakin. Bargon yana rataye a bangon ɗakin ɗinki da shuɗinsa. Yanzu ban san wa zan nuna wa shi ba, ko don me.

Alhamis, 26 ga wata, da azahar

Sun tafi.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Direba ya sa akwatuna a mota. Aka nemi Yaya aka rasa, sai ga ta a ɗakin ɗinki tsaye gaban bargon, da mayafinta da jakarta. Injiniya yana bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta lashi babban yatsanta, ta murza a kan jan, ta juyo da yatsan ta duba. Haka take yi wa yadin kowa a kasuwa, masu kanti har ɓoye kaya suke in sun hango ta.

Ta ce, "Wane sakarai ne ya yi rinin nan?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke?"

"Ni ce, Yaya. Kina barci na ce bari in gwada."

Sai ta buɗe min wuta. Wallahi Yayata ta da ce ta dawo da ƙarfinta, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ta ce, "Shekara nawa kina kallona? Idon naki na ado ne? Gishiri tukuna, ki bari yadin ya sha. Sannan soda, a narkar da ita daban a ruwan ɗumi, a zuba kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki koma na zafi, ki yi ta yi har ruwa ya fito kamar na sha. Kin tsallake soda, kin tsallake ɗauraya, sannan kika ɗinke shi a kan fari. A kan fari, Auta. Kan naki ƙalau kuwa?"

Na sunkuyar da kai ina cewa, "Na yi kuskure, Yaya." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Da za ta wuni tana yi da na kawo mata kujera. Injiniya ya dube ni, na harare shi, ya ja bakinsa. Yaron yana da hankali wani lokacin.

Na raka ta har mota. Ta zauna, na gyara mata bakin zane kada ƙofa ta kama. Sai ta riƙo wuyan hannuna ta jawo ni kusa, ta yi ƙasa da murya yadda ɗanta ba zai ji ba.

Ta ce, "Ƙarya kike yi. Ke yaushe kika taɓa fitar da ja irin wannan?"

Na dubi hannunta a kan nawa.

Ta ce, "Ki wanke shi. Ba a kai wa mutane kayan da ke tsoron ruwa, ba daga gidan nan ba."

Ta sake ni. Kafin direba ya tada mota ta juya tana tambayar Injiniya ko shi ne sabon mai kawo mana yadi. Yatsanta ya bar min ja a wuyan hannu.

Alhamis ɗin dai, dab da magariba

Na cika babban bahonta da ruwan sanyi na tsoma shi. Ban kau da kai ba, na ce tunda ni zan yi sai na gani. Jan ya tashi kamar hayaƙi a cikin ruwa, ya bi farin, ya shiga tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Na zage shi, na zagi baho, na zagi sunan nan da likita ya faɗa, da ƙarfi, maƙwabta su ji, in sun ga dama su sake buga waya. Na zubar na sake tara wani. Sanyi, sannan zafi, yadda ta ce. Bayana kamar zai karye, ba mai kama min ɗaya gefen mu matse.

Farin ya tafi, ba zai dawo ba. Kusa da hanyar ruwan ya yi ja-ja, can nesa ya yi ruwan hoda, tsuntsayen da ke can sama kaɗai suka tsira. Jan kansa ya sauka, ya zama ja na kowa da kowa, irin wanda ko ni zan iya. Shuɗin ya fita tas. Ban sani ba ko yana da kyau, kuma ba na son kowa ya faɗa min.

Na buga wa Ƙwas-ƙwas na ce gobe da yamma zan kawo, ba irin wanda ta gani ba ne, in ba ta so ta bar bangonta haka. Ta fara tambaya, na ce sunan Yaya a sama, nawa a ƙasa, na kashe wayar.

Na yi ta ɗauraya har ruwa ya fito kamar na sha. Yana kan igiya yanzu yana ɗiga. Na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashinsa, na jira, na ɗauko na duba.

Ba ya zuba.